Kuɗin Filin Hajiya: Mac Zan Saya Ko Windows?

Assalamu alaikum, Malam. Na karanta zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na gama hidimar ƙasa bara, yanzu ina Kano ina karɓar ƙananan ayyuka: fulan ɗin gida, jerin shaguna, wani lokaci masallacin unguwa. Da Revit nake zane, in kai Lumion in fitar da hoto, in ƙarasa gyara a Photoshop. Laftof ɗina tun ina aji biyu nake fama da ita, Core i5 ce mai RAM (ma'ajiyar da inji ke riƙe aikin da yake kai) 8 GB. Hoto ɗaya sai ya kusa kwana yana renda, wato injin yana lissafin fitar da shi, in aka ɗauke wuta kuma a koma farko. Watan jiya wani Alhaji ya janye aikinsa saboda na kasa ba shi bidiyon gidan a kan lokaci. Mahaifiyata ta ga halin da nake ciki, ta sayar da wani ɗan filinta na gado ta ba ni kuɗin, ta ce in sayi kayan aiki. In na haɗa da abin da na tara za su kai naira miliyan uku. Raina yana kan MacBook Pro, don abokina na Abuja da ita yake shiga gaban manyan mutane, kuma ya ce tun da ya saye ta aka daina taya masa aiki da araha. Wani abokin kuma ya ce duk asarar kuɗi ce, in sa Linux a maimakon Windows, wai da ita manyan kamfanonin fim suke aiki. Ina tsoron in kashe kuɗin tsohuwa a banza, kwana uku ke nan ba na barcin kirki. Me zan saya?

Daga wani matashi a Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya saka wa Hajiya da alheri, Ya mayar mata da filin nan ninkin-ba-ninkin. Rashin barcinka kuwa bai tayar mini da hankali ba. Wanda aka danƙa wa kuɗin gado ya kwanta yana minshari, shi ne abin tsoro.

Kai ma ka ba kanka amsa ba ka lura ba. Ka ce da Revit kake zane, ka kai Lumion. To, Revit ba ya aiki a kan Mac. Tun da kamfanin Autodesk ya saye shi a 2002 har yau ba a yi masa na Mac ba, Windows kaɗai ya sani. Cikakken Lumion ɗin da ka saba da shi ma haka yake, kuma in gobe ka ce za ka koyi 3ds Max, shi ma ɗan gidan Windows ne. Wato manhajoji uku kake cin abinci da su, biyu ba za su buɗu a kan injin da ranka yake so ba. Kamar tela ne ya ɗauki jarinsa kaf ya sayo keken da ba ya karɓar allurar da yake ɗinki da ita.

Na san za a ce maka ai ana sa Windows a cikin Mac. Da can gaskiya ne. Daga 2006 zuwa 2020 kwamfutocin Apple da furosesar Intel suke aiki (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar inji), kuma akwai wata hanya mai suna Boot Camp da mutum zai raba injinsa biyu, in ya ga dama ya tashe shi da Windows sak. A watan Nuwambar 2020 Apple ya fito da furosesarsa ta kansa, M1, daga nan Boot Camp ya tafi. Abin da ya rage shi ne manhaja irin Parallels, wadda kake biya, ta buɗe maka Windows a matsayin baƙo a cikin macOS. Windows ɗin ma na wani tsarin furosesa ne daban, sai ya riƙa yi wa Revit tafinta umarni bayan umarni. Ƙaramin gida mai ɗaki uku zai iya buɗuwa ya ɗingisa. Lumion kuwa yana son ya kama katin hoto, wato ɓangaren injin da ke sarrafa hotuna, kai tsaye, ba ta bakin tafinta ba, don haka kar ma ka sa rai. Tsofaffin Mac masu Intel da ake rangwame a kansu yanzu su ma ka ƙyale su, domin Apple da kansa ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ne na ƙarshe da zai hau kansu.

Ba kushe Mac nake ba, kar abokinka ya ce na ci mutuncin kayansa. Inji ne mai kyau, kuma abin da ya fi kowa a kansa ya shafe mu nan ƙasar sosai: ba ya shan wuta. MacBook Pro kan yi aikinta da ƙarfi ɗaya ko tana jone ko tana kan batir, ta kai ka awanni, ba ihun fanka, ga allo mai nuna launi na gaskiya. Da za ka ce mini aikinka tambarin kamfani ne, ko katin biki, ko tace fim da DaVinci Resolve da Final Cut, ko kuwa da ArchiCAD da SketchUp kake zanenka, da na ce bismillah, je ka saya. Ka tambayi abokin naka da me yake zane. Ina kyautata zaton ɗayan biyu ne: ko dai ArchiCAD ne, ko kuma akwai wata ƙatuwar kwamfutar Windows a ƙarƙashin teburin ofishinsu tana nishi, shi kuma yana yawo da siririyar gaban masu kuɗi.

Maganar daina taya masa aiki da araha, ka ɗan rage mata gishiri. Abuja yake, kai kana Kano, farashin ba ɗaya ba ne ko da fensir yake zane. Ka tuna kuma abin da ya raba ka da Alhajinka. Bai janye aikinsa don bai ga tambarin tuffa a bayan laftof ɗinka ba, bidiyo ne bai samu ba. Mafi yawan masu ba mu aiki a WhatsApp suke ganin gidan, a kan wayarsu, su miƙa wa uwargida ta ce kicin ya yi ƙanƙanta. Ba wanda zai tambayi injin da ya fitar da hoton.

Mai maganar Linux ma bai yi ƙarya ba. Manyan gidajen yin fim na Amurka da Turai da yawa a kan Linux suke, musamman ɗaruruwan injinan da suke jerawa don renda kawai. Sai dai su da Maya da Houdini da Nuke suke aiki, waɗanda duk suna da na Linux, kuma suna da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai kula da tsarin. Revit babu a Linux, Lumion babu, Photoshop babu. Ranar da ka koma Blender gaba ɗaya, manhajar zane da renda da ke aiki a Linux, sai mu sake wannan hira.

Saboda haka Windows 11 za ka saya. Na ce 11 da gangan, don Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ya karɓar furosesar Intel da ta gaza ƙarni na 8 sai da dabara. Duk injin da za a ce maka “an yi masa dabara ya hau”, ka bar wa mai shi kayansa.

Yanzu ga inda kuɗin Hajiya zai iya salwanta da gaske, don zaɓen Windows bai kai rabin aikin ba. Kai mai gini ne, bari in yi maka misali da abin da ka sani. Furosesa kamar manyan magina ne su takwas ko goma: kowannensu gwani, yana iya kowane irin aiki mai wuya. Katin hoto kuma kamar leburori ne dubbai ranar zuba dekin: kowa kwano ɗaya ya iya ɗauka, amma duk a lokaci guda suke ɗauka. Lokacin da kake jan bango a Revit, kana sa ƙofa, kana sauya tsayin rufi, yawanci magini ɗaya ne yake aikin, shi ya sa saurin ƙwaya ɗaya ta furosesa, wato magini ɗaya, ya fi yawan ƙwayoyin amfani a wurin. Renda kuwa lissafin haske ne, a bi kowane zare na hasken rana daga inda ya shigo ta taga, ya bugi tayil, ya koma silin, ya faɗo kan kujera, sau miliyoyi. Wannan aikin leburori ne. Lumion da Twinmotion da Enscape da D5 duk a wuyan katin hoto suke rataye. Laftof ɗinka ta yanzu ba rashin RAM kaɗai yake kwanar da ita ba, ba ta da leburorin ne.

Katin kuma na Nvidia za ka nema, cikin jerin RTX. Ba don kishiyarsu, kamfanin AMD, ba su iya kati ba, sun iya, kuma Lumion yana tafiya a kan nasu. Dalilin shi ne Nvidia sun riga kowa shiga wannan fage da fasaharsu ta CUDA tun 2007, sannan a 2018 suka fito da RTX mai ɓangare na musamman don bin zaren haske. Masu rubuta manhajojin renda da yawa a kan wannan suka gina kayansu. Manhajar renda ta Octane a Windows sai da Nvidia, Cycles na Blender kuma ya saba da su ƙwarai. Ba ka san manhajar da wani ofishi zai ce ka yi aiki da ita nan da shekara biyu ba, gara ka riƙe katin da kowa yake karɓa.

A jikin katin, lambar da za ka fi zuba wa ido ita ce VRAM, wato ma'ajiyar katin ta kansa. Ka ɗauke ta kamar farantin mai talla: abin da bai hau faranti ba, ba zai je kasuwa ba. Ginin, da itatuwa, da motocin da ka jera a ƙofar gida, da zanen kowane tayil da labule, duk sai sun hau wannan faranti kafin a fara renda. In ya cika, ko aikin ya koma tafiyar hawainiya, ko manhajar ta rufe kanta ba sallama. Mai 4 GB ba naka ba ne. Mai 6 GB za ka yi ta rage itatuwa. Mai 8 GB zai riƙe ka a gidajen zama. Ranar da aka ba ka rukunin gidaje ko filaza, za ka so a ce 12 ko 16 gare ka. Shi ya sa tsohon RTX 3060 na tebur mai 12 GB har yau yake da farin jini wurin masu wannan sana'a, kuma RTX 4060 Ti da 5060 Ti kowanne yana da mai 8 da mai 16, sai ka tabbatar wanne aka miƙo maka.

Akwai wani tarko a cikin sunayen nan da ya kama mutane da yawa, har da ni. Kama da wane ba ta wane. RTX 3060 na tebur yawanci 12 GB ne, na laftof mai wannan suna 6 GB ne. RTX 4090 na tebur 24 GB ne, yana jan wat 450, na laftof kuwa 16 GB ne, bai kai rabin wannan wutar ba. Ko tsakanin laftof da laftof ma, RTX 4060 ana iya ɗaure shi a wat 35 a cikin siririn inji, a sake shi ya haura wat 100 a cikin mai kauri, suna ɗaya, takarda ɗaya a manne, aiki kuwa kamar jaki da doki. Shekarun baya na taɓa sayen wata siririyar laftof a wurin wani mai shago, sunan katin kawai na duba na biya. A cikin sanyin shagonsa lafiya lau ta yi. Da watan Afrilu ya kama, minti goma da fara renda sai ta yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone. Na shekara ina ɗora ta a kan murafun kwalba guda huɗu don iska ta shiga ƙarƙashinta. Ba yaudarata aka yi ba, ni ne ban yi tambaya ba.

Haka nan ka yi hattara da kalmar “injin injiniyoyi”. Za a nuna maka tsofaffin Dell Precision ko HP ZBook ko ThinkPad na jerin P, a ce ai wannan Quadro ne a ciki, don masu zane aka yi shi. Injina ne masu ƙarko, ba musu, kuma sababbin cikinsu suna da kati mai kyau. Amma Quadro irin su M1200 da P1000 da T1000 duk 4 GB ne, kuma ba su da ɓangaren bin zaren haske. AutoCAD za su yi maka shi har ka gaji. Rendar da kake nema ba za su iya ba.

Da ni ne kai, kwamfutar tebur zan haɗa. Na san ba ita ka yi mafarki ba, ba a shiga da ita ofishin kowa. Amma da kuɗi ɗaya za ta ba ka ƙarfin da laftof ba za ta ba ka ba, tana da sararin shan iska, kuma komai nata ana cirewa a sauya. Bana ka sa RAM 32 GB, baɗi in aiki ya buɗe ka ƙara ya zama 64. Kati ya tsufa, ka sayar ka cika kuɗi ka sa wani, sauran injin yana nan. A laftof katin a like yake har abada, a Mac na yanzu kuwa har RAM ɗin ma a like yake, abin da ka saya ran farko da shi za ku rabu. Furosesa Ryzen 7 ko Core i7 na 'yan shekarun nan ta isa, kar ka zuba kuɗi a i9 ka rage wa kati. In Intel na tebur ne ƙarni na 13 ko 14 kuma na hannu, ka yi taka-tsantsan, domin a 2024 kamfanin ya amsa cewa wasunsu suna da matsalar da ke lalata su a hankali, har ya ƙara musu shekara biyu na garanti. RAM kar ya gaza 32. Autodesk da kansu 16 suka sa a matsayin matakin farko na Revit, kai kuma za ka buɗe shi tare da Lumion da Photoshop. Faifan ajiya mai sauri, wato SSD, irin NVMe mai 1 TB, da wani faifan waje na ajiyar ayyuka. Akwatin raba wuta na cikin injin kuma kar ka yarda a sa maka marar suna don a rage 'yan dubbai. Araha ba ta ado, kuma in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai.

Tsohuwar laftof ɗinka kar ka sayar. A sa mata SSD in ba ta da shi, a ƙara mata RAM in tana karɓa, a wanke mata fanka. Ita za ka riƙa ɗauka zuwa wurin gini da gaban mai aiki, don nuna hoto da bidiyon da aka riga aka fitar ba ya buƙatar ƙarfi. In kuwa yanayinka bai ba da damar tebur ba, misali ba ka da ɗaki mai makulli, ko rabin watanka a hanya kake, to ka sayi laftof mai kauri irin ta masu wasan gem, mai RTX na aƙalla 8 GB, ka tambayi wat nawa aka sakar wa katin, ka tabbatar RAM ɗinta ana ƙarawa. Ka sani kuma da zarar ka zare ta daga wuta ƙarfinta zai faɗi, batirin ma ba zai kai ka ko'ina ba in tana renda. Ka duba allonta da kyau: masu araha da yawa launinsu a kwance yake, sai ka zaɓi fenti ruwan ƙasa a wurinka, ya fito ja a wayar Alhaji. Wanda aka rubuta yana cika ma'aunin launi na sRGB ɗari bisa ɗari za ka nema, ko na laftof ne ko na tebur.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan, wadda masu ba da shawara daga ƙasashen waje ba sa sawa a lissafi: wuta. Kar ka kashe miliyan ukun nan kaf a kan inji. Ka ware wani kaso mai kauri, ko da zai sa ka sauko mataki ɗaya a kati, domin inji mai gudu da ba wuta akwati ne kawai. Mu yi lissafi. Kwamfuta irin wadda na kwatanta, da allonta, tana cikin renda za ta ja kamar wat 350 zuwa 400. Awa takwas ke nan wajen yunit uku. Ko da farashin rukunin A ne, wanda aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, bai kai naira dubu ba. Ka ga kuɗin wutar ba shi ne damuwa ba, ɗaukewar ce. Batirin inbata na ruwa mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce, amma in kana son ya yi ƙarko rabi za ka riƙa sha, wato bai fi ya riƙe ka awa uku ba. Guda biyu su kai ka biyar zuwa shida. Batirin litiyam ya fi tsada a farko, amma ana shan kusan duka, kuma ya fi daɗewa. In akwai sola a gidanku, ka mayar da manyan rendarka tsakar rana lokacin da farantin sola ke kawo wuta, maimakon dare da kowa ya saba.

Inbatar ta zama mai fitar da tsabtatacciyar wuta, wadda masu sayarwa ke kira fiyo sayin, don akwatunan wutar kwamfutocin zamani ba sa shiri da ɗaya irin. Ko da inbata, ƙaramin UPS a tsakani yana da amfani saboda ƙiftawar nan ta lokacin sauya layi. Kar kuma ka jona injin kai tsaye da ƙaramin janareta. Wata dabara da ba ta cin ko kwabo: in za ka fitar da bidiyo, ka fitar da shi hoto-hoto a jere, ko gutsure-gutsure, daga baya ka haɗa. In wuta ta yanke a hoto na ɗari bakwai, daga nan za ka ci gaba. Windows ma yana da halin sabunta kansa ya sake tashi cikin dare, don haka ka dakatar da sabuntawar kafin ka bar masa aikin kwana, ka sake ta in ka gama.

Zafi da ƙura su ne abokan gabanka na biyu. Bazarar Kano tana haura digiri 40, hunturu kuma ƙurarsa har cikin akwatin da aka kulle take shiga. Ka ɗora injin a kan tebur ko benci, ba a ƙasa kan kafet ba, ka bar masa tazara da bango, ka zaɓi akwati mai raga a gaba da matatar ƙura. Duk wata biyu ko uku ka buɗe ka hure shi da bulowa, kana riƙe da fankokin kar su yi ta juyawa. In ba ka aiki ka rufa masa zane, in ka kunna ka yaye.

Ranar saye, ko Titin Beirut za ka nan Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ba a cinikin biri a sama. Ka tafi da filashi ɗauke da fayil ɗin gidan Alhajin nan da ya kwanar da kai, da ƙananan manhajojin gwaji na kyauta: GPU-Z zai faɗa maka ainihin katin da VRAM ɗinsa, CrystalDiskInfo zai nuna awa nawa faifan ya yi yana aiki, HWiNFO zai nuna zafi. Ka sa injin aiki mai nauyi na rabin awa a gaban mai kaya, kana kallon zafin da gudun. Wanda ya ce sauri yake ba zai jira ba, ka yi masa godiya ka shiga shago na gaba. Katin hannu ba haram ba ne, amma ka sani bayan Satumbar 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, katunan RTX na jerin 30 da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Irin waɗannan sai da gwaji mai tsawo. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kowane kaya, da kwanakin da aka yarda za ka iya dawo da shi, a rubuce. Ban ambaci farashi ba da gangan, don tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin wannan mako ba ya kaiwa na gaba. Ka zaga shago uku ko huɗu kafin ka ciro kuɗi, ka kuma tafi da wanda ya taɓa haɗa irin wannan inji da hannunsa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. Na san yadda yawancinmu muke samun manhajojin nan: a ba yaron shago dubu biyu ya loda maka komai. Ban da maganar haƙƙin masu kaya, wadda kai ma ka san hukuncinta, ta cikin irin waɗannan fasassun manhajoji ƙwayoyin cuta suka fi shiga, har da masu kulle fayilolin mutum su ce sai ya biya fansa. Lasisin ɗalibai na Autodesk da ka yi amfani da shi a Zariya na karatu ne, ba na aikin kuɗi ba. Ka fara rage dogaro tun yanzu. Blender kyauta ne ɗungurungum. Twinmotion, tun 2024, kyauta ne ga duk wanda cinikinsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, kuma yana karɓar aiki daga Revit kai tsaye. Wanda ya iya Lumion ba zai yi mako biyu bai saba da shi ba. Wanda ba makawa sai an biya, ka riƙa sa kuɗinsa a cikin farashin aikin da kake yanka wa mutane, kamar yadda kake sa kuɗin buga fulan.

Game da Hajiya, kar ka yi mata bayanin VRAM. Ka kai mata rasit ɗin ta gani, ka faɗa mata abin da ya rage da inda ka ajiye shi. Mai yiwuwa in ta ga baƙin akwati da batura maimakon abin nan mai ƙyalli da 'ya'yan maƙwabta ke ratayawa, ta ɗan yi shiru. Sai ka zaunar da ita gaban allon, ka zana mata gidan da za ka gina mata in Allah Ya hore, da ɗakinta, da rumfar da za ta riƙa shan iska, da bishiyar darbejiya a tsakar gida, ka danna renda tana kallo. Ka kuma ƙudurta a ranka, ko ba ta nema ba, cewa kowane aiki ya shigo akwai kason da za ka riƙa warewa har kuɗin filin nan ya koma.

Shi kuma Alhajin da ya janye, in injin ya zauna, ka ƙarasa bidiyon gidan nasa ka tura masa haka nan, ba tare da neman ko sisi ba, da ɗan gajeren saƙon ban haƙuri. Fayil ɗin yana hannunka, aikin awa biyu ne ko uku. In ka yi, ka rubuto mini minti nawa hoton nan da yake kwana ya ɗauka. Ka gaishe mini da Hajiya.